Waccan Ta Sha Magani

Ranar da muka tare a gidan benen nan na Funtua, tun ban ajiye ƙullin kayana ba na wuce baranda na duba ƙarafanta. Na zura hannu tsakanin ƙarfe da ƙarfe, hannun ya wuce har da saura. Na juyo na dubi kan 'yata, wadda a lokacin rarrafe take yi, na auna shi da ido. A Maska na tashi, a gidan ƙasa, inda in yaro ya faɗi iyakarsa ya ci turɓaya ya tashi. A nan kuwa in ka leƙa ƙasa, kawunan 'yan acaɓa kake gani da rufin adaidaita, da manyan motocin hatsi masu wucewa kasuwa.

Maigida ya yi dariya, ya ce mutum nawa suka reni 'ya'yansu a gidan kafin mu zo. Ni kuwa kwana uku ban buɗe ƙofar barandar ba, sai da ya kawo mini ragar kaji. Da kaina na ɗaura ta da waya, ƙarfe bayan ƙarfe, har yatsuna suka yayyage. Da na gama na tura ta da gwiwa, na ga tana lanƙwasawa, hankalina bai kwanta ba. Sai na roƙe shi tsofaffin buhunan taki, ya riƙa kawo mini ƙasa da kashin awaki kaɗan-kaɗan a bayan babur, ina cikawa ina jerawa a gindin ragar don su zama katanga. Ni ban yi niyyar lambu ba. Ganin ƙasa zaune a banza ne ya sa na watsa irin tumatir a buhu biyu, attaruhu a ɗaya, yakuwa a sauran, na kafa na'a-na'a a wani fasasshen bokiti.

Haka na bi gidan duka. Ramin soket na liƙe shi da salatif. Famfon banɗaki da ke ɗiga na naɗe shi da yankin tsohon tib ɗin keke, don kada santsi ya kayar da ita. Ƙofar matakala na lanƙwasa ƙusa na yi mata sakata can sama, inda hannun yaro ba ya kai wa. Ashana, reza, kananzir, kowanne na san inda ya kwana. Maigida yakan ce in aka ba ni igiya to iska ma sai na ɗaure ta.

Duk wannan a bayan idon manya nake yi. 'Yar fari ce, kuma sunan surukata aka sa mata, don haka sunan ya fi ƙarfin bakina ta hanya biyu. Yadda aka rene mu, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa ta yi masa wasa a gaban surukai, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kawar da kai har wani ya ɗauke shi. Na ga uwata tana yi wa yayana haka, mutane suna yabonta suna cewa mace mai kara. A cikin gari mata da yawa sun watsar da wannan, amma ni na zo da shi kamar yadda na zo da tukwanena. In muna mu biyu ina goya ta, ina shinshinar wuyanta. In da mutane, sunanta "waccan".

A ƙasan benen akwai wata mata da muke ce wa Anti. Iyayenta daga kudu suka zo, Kirista ce, amma a Funtua aka haife ta, kuma in tana Hausa sai ka rantse 'yar Bakori ce. Kayan roba take sayarwa a kasuwa, rumfarta tana maƙwabtaka da layin masu sayar da maganin gona. Ita ke da firiza. Da ta ɗanɗana kunun ayata sau ɗaya ta ce in riƙa yi da yawa, ta sanyaya, ta tafi da shi rumfa. Nakan jiƙa aya ta kwana, in kai markaɗe da dabino da kwakwa da 'yar citta, in tace a farin ƙyalle sau biyu, in zuba a gorunan ruwa da na wanke da sabulu na shanya a baranda. Waccan ma a irin gorar nake ba ta nata. In ta ga farar gora sai ta miƙo hannu biyu.

Tana gab da cika shekara biyu, cikin damina, tsutsa ta kama mini tumatir. Ganyen ya nannaɗe, 'ya'yan suka riƙa hujewa tun suna kore. Na zuba toka, ba ta yi ba. Na gaya wa maigida, shi kuma da zai dawo daga gonarsa ta wajen Tsiga ya zo da kwalbar maganin da yake yi wa masara feshi. A gabana ya tsiyaya cikin murfi ɗaya a gorar ruwa, ya girgiza. Maganin kamar man gyaɗa yake a kwalba, amma yana haɗuwa da ruwa ya koma fari fat. Na ce masa, "Kamar kunun aya." Ya ce, "To kada dai ki kai wa Anti." Ya gasa ƙusa ya huda murfin gorar wuri uku don in riƙa yayyafawa, ya mayar da kwalbarsa cikin buhu, washegari ya koma da ita gona. Gorar kuwa na sama mata wuri a kan katangar baranda, inda ni ma sai na yi ɗage nake kai wa.

Ranar da abin ya faru maigida ya fita tun bayan asuba. Na dawo daga markaɗe, waccan tana barci, na ce bari in yi wa tumatir yayyafi kafin ta tashi. Ina cikin yi na ji ana buga ƙofar matakala, na ji murya tana cewa, "Wai gidan yari ne nan, ko masu gidan ne ba sa son baƙi?"

Surukata ce, Inna, daga Tsiga, kuma ban san tana tafe ba. Barin uwar miji tsaye a ƙofa ba ƙaramin abu ba ne. Na dire gorar a ƙasa tsakanin buhu biyu, na ce yanzu zan dawo in ɗauke ta, na wanke hannu a gurguje, na je na zare ƙusar.

Inna mace ce mai barkwanci, ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba. Ta shigo tana haki tana fyace hanci, ruwan sama ya taɓa ta a hanya ya bar mata mura. Na shimfiɗa mata tabarma, na durƙusa muka gaisa, gaisuwar da ba a gajarta ta: gida, gona, awaki, ƙafarta mai ciwo, mutanen Maska ɗaya bayan ɗaya. Ta kwance ƙullinta ta fito da daddawa da kuɓewa, sannan ta fito da wata gora mai jan ruwa, an ɗaure bakinta da leda.

Ta ce, "An ce mini takwara tana haƙoran ciki, tana ƙin abinci. Ga maganinta, jiƙon saiwa ne. Ajiye shi inda iska ke kaɗawa kada ya yi tsami. Ki bar ƙofar nan a buɗe ma, ɗakinku kamar tanderu."

Na karɓa da hannu biyu, na miƙa hannu na ajiye a bakin ƙofar baranda ba tare da na leƙa waje ba, don a daidai lokacin ta ce in ba ta ruwa. Hayaniyarmu ta tashi waccan. Ta fito tana murza ido, Inna ta cafke ta tana cewa, "Zo nan, ɓarauniyar suna. Kin ɗauki sunana kin bar mini kyawuna, dubi wannan goshi kamar na ubanki." Suka yi ta wasansu, ni kuma na kawar da kai na koma lungun da nake girki, na fara tatar aya. Daga lungun ana hango tsakar ɗakin, da bayan Inna, da ƙofar baranda.

Ban san lokacin da ta zame daga jikin kakarta ba. Na matse ƙyalle na ɗago kai, sai na hango ta zaune tsakanin buhunan tumatir, ta riƙe farar gorar da hannu biyu, ta ɗaga kai sama tana tsotson murfin. Ta cire, ta yamutsa fuska, ta yi tari. Farin ruwa ya biyo haɓarta ya jiƙa gaban rigarta.

Ban yi gudu ba. Har yau in na tuna wannan sai in ji kamar in mari kaina. Inna tana zaune tsakanina da ƙofar, sai na sunkuya na wuce ta gabanta a hankali kamar yadda ake wuce babba. Na karɓe gorar. Na san inda ruwan ya tsaya lokacin da na dire ta, daidai saman takardar jikinta, yanzu ya sauka kamar faɗin yatsa biyu, amma ban san nawa ya shiga ciki nawa ya zube a riga ba. Na ɗora ta a kan katanga. Na juya wa ɗakin baya, na goge mata baki da bakin zanena, na sa yatsa na share harshenta. Warin yana nan, irin na kananzir da wani abu mai hawa kai.

Na dawo na durƙusa a gefen tabarma, kaina a ƙasa, na ce, "Inna, waccan ta sha magani."

Inna ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Madalla, ta hutar da mu ɗura. Ubanta sai mutum uku sun danne shi."

Na ce, "Kamar da ɗan yawa."

"Ko ta shanye gorar ba abin da zai same ta. Da shi na reni bakwai."

Na ce, "Inna, farin ne." Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

Ta fyace hanci ta ce, "Wane fari kuma? Ke dai kin cika tsoro, 'yar nan. Ɗana ya ba ni labari, ya ce har soket kin yi wa bandeji, in ƙuda ya sauka a kan yarinya sai kin yi mata wanka. A kan 'yar fari. A zamaninmu da an yi miki waƙa a bakin rijiya."

Da wasa ta faɗa, tana murmushi. Amma ni sai na ji kamar an tuɓe mini zane a kasuwa. Ashe duk abin da nake ɓoyewa an sani har Tsiga. Kalma biyu suka rage in ƙara, in ce na feshi, suna nan a kan harshena. Faɗarsu na nufin in katse babba, in nuna na damu da waccan a gaban mai sunan, in kuma tona cewa ni mai ɗaure-ɗauren nan ni na bar guba a ƙasa. Sai zuciyata ta fara lallashina: ai murfi ɗaya ne a cikin gora guda, ai duk ruwa ne, ai ta tofar, ga ta can tana wasa da murfin tukunya. Na tashi na koma wajen ayata.

Na gama tata ta farko. Na ƙara ruwa a dusar na yi ta biyu. Na zuba sukari na juya, na jera goruna na fara cikawa. Hannuna yana aiki, idona yana kanta. Na ga ta bar murfin tukunyar. Na ga ta je ta kwanta a cinyar Inna, ita da ba ta zama wuri ɗaya. Na ga yawu ya fara zubo mata, ba ɗigo ba, zare guda har kan zanen Inna. Goshinta ya yi gumi, alhali iska tana shigowa. Hawaye suna fita daga idonta amma ba kuka take yi ba.

Inna ta ce, "Kin gani ko, dalalar haƙori ce. Maganin ya fara aiki."

Na ce, "To." Kunun da nake zubawa ya cika gora ya malala a kan yatsuna ban sani ba.

Sai ta yi amai. Bayan aman na fara jin wani sauti daga ƙirjinta, kamar tukunyar talge in ta fara tafasa a hankali. Inna ta ɗago yarinyar tana jijjigawa. Na miƙe tsaye da ludayi a hannu.

A haka Anti ta same mu, don ban mayar da ƙusar ƙofa ba. Tun daga matakala take cewa, "Amarya, ina gorunan? An kawo wuta, in kika tsaya nawa za su ɗauke abarsu." Har yau Amarya take ce mini. Ta shigo ta gaida Inna, sai ta tsaya ta ɗaga hanci.

Ta ce, "Wa ya yi feshi a cikin ɗaki?"

Inna ta ce, "Ba feshi, 'yata. Magani yarinyar ta sha, na haƙori."

Anti ta dubi jar gorar da ke bakin ƙofa, ledar bakinta tana nan a ɗaure. Ta ce, "Wannan? Hajiya, ko kwance shi ba a yi ba." Ta durƙusa ta shinshina rigar yarinyar, ta juyo ta kalle ni cikin ido, irin kallon da mu ba ma yi wa juna. "Amarya, wane magani?"

Na nuna kan katanga da ludayin. Na ce, "Na tumatir."

Inna ba ta yi ihu ba. Ta dubi farar gorar, ta dube ni, ta ce inna lillahi a hankali. Sannan ta ce a kawo madara, a kawo manja a ɗura mata ta amayar.

Anti ta ce, "Hajiya, ki gafarce ni, ba za a ba ta komai ba. Kullum ina zaune kusa da masu sayar da abin nan, na ga waɗanda aka ɗura wa manja." Tana magana tana cire wa yarinyar riga. Ta kai ta famfo ta wanke mata baki da wuya da ƙirji da sabulu, ta naɗe ta a tawul, ta dawo ta manna mini ita a ƙirji. Ta ce, "Riƙe 'yarki. Kwantar da kanta gefe kada ta shaƙe." Ta sa farar gorar a leda ta ƙulle, ta riga mu sauka tana kiran adaidaita.

Na riƙe ta a gaban Inna, kuma ban ji komai game da hakan ba. Jikinta ya saki, ya yi sanyi, yana santsi don gumi. A cikin adaidaitar wata tsoka a gefen bakinta ta riƙa motsi ita kaɗai. Wata motar hatsi ta tare hanya tana juyawa, mai adaidaita ya tsaya yana jira, Anti ta leƙa ta ce masa, "Malam, in ba ka iya hawa gefen titi ba sauka in tuƙa." Ya hau. Inna tana gefena tana jan carbi, ƙwayoyin suna kuɓuce mata.

A asibiti wata nas ta tare mu da biro a hannu. Ta ce, "Sunan yarinya?"

Na yi shiru. Bakina ya saba da shirun, shi ya fara zuwa.

Ta ce, "Ba ke ce uwarta ba?"

Na faɗi sunan. Inna tana tsaye a bayana, ban juya ba. Nas ta rubuta ba tare da ta san ta ji wani abu ba, ta karɓe ta daga hannuna ta shige da ita.

Likitan ya buɗe mata ido ya haska da tocila. Na leƙa ta bayan kafaɗarsa, na ga baƙin tsakiyar idon ya ƙanƙance kamar ƙwayar gero. Ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya ba da umarni, aka fara neman jijiya a hannunta. Ba ta ko yi kuka ba da allurar ta shiga, wannan ya fi komai tsorata ni.

Ya ce, "Tun yaushe ta sha?"

Ni ban duba agogo ba. Na ce, "Na tace aya sau biyu a tsakani, na cika goruna."

Ya ɗago ya kalle ni. Anti ta ce, "Ka ce kusan awa guda, likita."

"Kin gan ta tana sha?"

"Na gani."

Bai ƙara tambayata a kan wannan ba, ya kwance ledar ya shinshina gorar. Ya ce zai fara da abin da ya gani a jikinta, amma yana son sanin sunan maganin, don ba duka iri ɗaya ba ne. Anti ta kira maigida sau huɗu, wayar ba ta shiga, gonar tana cikin kwari inda ba sabis. Likita ya ce ko na karanta sunan a jikin kwalbar. Na ce ban iya karatun boko sosai ba, amma na ga kwalbar. Murfinta kore ne. Akwai hoton masara an ɓare ta, da tsutsa mai ratsi a kai. A gindin takardar akwai jan layi mai faɗi, cikinsa ƙoƙon kan mutum da ƙashi biyu. Harafin farko kamar rabin ƙwarya yake, an jingina shi da sanda.

Anti ta kira wani maƙwabcin rumfarta ta zayyana masa. Ba a jima ba ya turo hotunan kwalabe uku a wayarta. Na ɗora yatsa a kan ta tsakiya tun kafin ta gama buɗewa. Likita ya karanta ƙananan rubutun, ya gyaɗa kai, ya ce abin da ya zata ne, a ci gaba.

Suka sa mata robar iska a hanci, suka riƙa zuƙe mata yawu da wani siririn tiyo. Allura kuwa ba sau ɗaya ba, nas takan yi, ta saurari ƙirji, ta jira kaɗan, ta ƙara. Aka ce mu fita, na ƙi, na tsuguna a gindin gadon inda ba zan tare wa kowa hanya ba. Daga nan ƙafarta kawai nake gani, da ƙaramin yatsan da ƙumbarsa ta fashe. Ina jin sautin tafasar nan, ina roƙon Allah ya ɗauke shi, in ya ɗan yi shiru kuma sai in miƙe a firgice in ga ko numfashin ne ya tsaya. An kira azahar ban tashi ba. An kira la'asar, Inna ta zo ta taɓa kafaɗata ta ce in je in yi salla za ta tsaya, na je na yi, ban san abin da na karanta ba.

Da na dawo na tarar fuskar yarinyar ta yi ja, jikinta ya bushe ya yi zafi, tana fisge-fisge tana ture hannun kowa. Na kira ta, ta kalle ni kamar ba ta san ni ba. Na ce wa nas ta ƙara lalacewa. Nas ta ce, "A'a, wannan muke nema. Saurari ƙirjin." Na kara kunne. Iska tana shiga tana fita, ba tafasa.

Maigida ya iso gab da magariba, laka har gwiwa, wani ne ya bi shi gona a babur. Ya tsaya a bakin gadon yana kallonta. Kwana biyu muka yi. Sau ɗaya yawun ya dawo aka ƙara allura, na koma gindin gado. A rana ta uku da hantsi ta buɗe ido ta kama tiyon ƙarin ruwa tana ja, ta ce ruwa. Likita ya zo ya duba ta, ya sa ta ta matse masa yatsa, ya sa ta ɗaga kai daga filo, ya ce ta tsallake.

Muna zaune a barandar asibitin muna jiran takardar sallama, tana barci a cinyata, maigida ya yi tambayar da na san tana tafe. Bai yi da faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Anti ta ce kin gan ta tana sha. Ke da ko allura ba kya bari a ƙasa, me ya hana ki magana?"

Na sunkuyar da kai.

Inna ce ta amsa. Ta ce, "Ta yi magana. Sau uku ta yi, ni na toshe mata baki da dariya." Ta goge hanci da bakin mayafi. "Kuma yadda ta faɗa, haka aka koya mata faɗa. Ni ma da haka zan faɗa."

Maigida ya ce, "Amma Inna, rai fa."

Ta ce, "Kai ma da ka zuba guba a gorar sha, rai ne." Ta juyo gare ni, ta daɗe tana kallon hannuna da ke kan bayan yarinyar, ban janye shi ba. Ta ce, "Gobe in kin ga wuta a zanenta, ki ture ni ki wuce. Kin ji ko?"

Na ce, "Na ji, Inna."

Da nas ta kawo takardar ta ce mu sa ido na mako uku. In muka ga wuyanta yana langaɓewa, ko ƙafa tana ja, ko numfashi ya canza, mu dawo ba tare da jiran kowa ba. Inna ta koma Tsiga, maigida ya koma gona. Ni na zauna da ita. Kowace safiya nakan tsayar da ita a bakin gado, in ja da baya har bango, in ce ta zo, ina kallon ƙafar hagu, ina kallon ta dama. Ta ɗauka wasa ne, takan taho da gudu tana dariya ta faɗo jikina. Na yi haka kwana ashirin da ɗaya, na ƙara bakwai nawa na kaina, ƙafafun ba su ja ba.